Tambayoyi da Amsoshi Kan Bin Salsalar Iyalan da Suka Fara Zama a Gundumomin Karkarar Amurka

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da masu neman asalin tsofaffin iyalan karkarar Amurka suka fi yi, musamman iyalan da suka sauka a gabar gabas a ƙarni na 17 da na 18, sannan 'ya'yansu da jikokinsu suka riƙa nausawa kudu da yamma, suna tashi daga wannan gunduma zuwa waccan. An tsaya ne a kan hanyar da ta taso daga Pennsylvania, ta ratsa Virginia da Carolina ta Arewa, ta faɗa Kentucky, ta ƙare a Indiana da Illinois da Missouri.

Me ya sa binciken asali a Amurka yake rataye a kan gunduma?

Domin a can takardun suke. Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma tun zamanin mulkin Ingila kotun gunduma ce take rajistar cinikin fili, ta tabbatar da wasiyya, ta raba gado, ta ba da izinin aure, ta naɗa wa marayu waliyyi, ta kuma tsara jerin masu biyan haraji. Gwamnatocin jihohi ba su ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa da muhimmanci ba sai can baya: Pennsylvania ta fara a 1906, Kentucky a 1911, Carolina ta Arewa a 1913. Saboda haka wanda yake neman mutumin da aka haifa a 1760 ba zai sami takardar haihuwarsa ba, sai dai ya bi sawunsa a littattafan akawun kotun gundumar da ya zauna. Tambayar farko ga mai bincike ita ce: a wace gunduma mutumin yake, kuma a wace shekara?

Su wane ne waɗannan mazauna na farko, kuma daga ina suka fito?

Al'ummomi uku ne suka fi yawa a wannan hanya. Akwai Ingilawa, cikinsu har da mabiya ɗariƙar Kiristanci ta Kwaka waɗanda suka bi William Penn zuwa Pennsylvania daga 1682. Akwai 'yan asalin Sikotilan da suka zauna a lardin Ulster na arewacin Ailan, waɗanda tsadar hayar gona da fari da takurawar addini suka tayar, har mutum 200,000 ko fiye suka ƙetara teku tsakanin 1717 da 1775. Sai kuma masu jin Jamusanci daga kwarin kogin Rhine da Suwizalan.

Jamusawan sun fi sauƙin bi a matakin sauka, domin a 1727 hukumar Pennsylvania ta wajabta wa masu jiragen ruwa su miƙa sunayen baƙin da ba talakawan Birtaniya ba ne, ta kuma sa mazan da suka kai shekara 16 su yi rantsuwar biyayya su sa hannu. 'Yan Ulster kuwa talakawan sarkin Ingila ne tun asali, babu wanda ya nemi su yi rantsuwa, shi ya sa da wuya a gano jirgin da ya kawo su ko ƙauyen da suka baro.

Wace hanya suka bi?

Babbar hanyar amalanke ta tashi daga Filadelfiya, ta bi ta Lancaster da York, ta haye kogin Potomac, ta shiga kwarin Shenandoah ta Winchester da Staunton, ta kai inda garin Roanoke yake a yau. A nan ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara Carolina ta Arewa ta Salisbury da Charlotte har zuwa Augusta a Georgia, ɗayar kuma ta yi kudu maso yamma zuwa mashigar duwatsu ta Cumberland. A 1775 Daniel Boone da masu saran daji kimanin 30 suka buɗe turba daga wannan mashiga zuwa tsakiyar Kentucky, sai dai ba a faɗaɗa ta yadda amalanke zai wuce ba sai a 1796, don haka waɗanda suka riga shiga a ƙafa suka je, kayansu a bayan dawaki. Wasu sun gwammace su sauka kogin Ohio cikin kwale-kwalen katako daga Pittsburgh. Ƙidayar 1790 ta sami mutum kimanin 73,000 a Kentucky, ta 1800 kuwa ta sami kimanin 221,000.

Ko akwai iyali guda da za a iya bi daga farko har ƙarshe a matsayin misali?

Iyalin Shugaba Abraham Lincoln misali ne mai kyau, domin masana sun daɗe suna tona takardunsa, kuma tafiyarsa ta yi kama da ta dubban iyalan da ba a san su ba. Samuel Lincoln ya baro Hingham a Norfolk ta Ingila a 1637 yana matashi mai koyon saƙa, ya zauna a wani gari mai suna Hingham a Massachusetts. Jikansa Mordecai ya koma New Jersey, daga nan ya wuce Pennsylvania, yankin da ya zama gundumar Berks, inda ya rasu a 1736. Ɗan Mordecai, John, ya bi hanyar amalanke ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville a kwarin Shenandoah a 1768. Ɗan John, Kyaftin Abraham, ya sayar da gonarsa ya kwashi iyalinsa zuwa Kentucky a farkon shekarun 1780, kuma a can wani ɗan asalin ƙasar ya harbe shi yana aikin gona a 1786, a gaban 'ya'yansa.

Ƙaramin 'ya'yansa maza, Thomas, yana da shekara 8 a lokacin. Dokar gado ta wancan zamani ta ba babban ɗa filayen uba, saboda haka Thomas ya tashi yana ƙodago, daga baya ya koyi kafinta. Ya auri Nancy Hanks a 1806, aka haifa musu Abraham ranar 12 ga Fabrairu, 1809. A ƙarshen 1816 suka haye kogin Ohio zuwa Indiana, a 1830 suka koma gundumar Macon a Illinois, shekara guda bayan haka Thomas ya sake tashi zuwa gundumar Coles, inda ya rasu a 1851. Daga Samuel zuwa shugaban ƙasa tsatso bakwai ne, kuma kusan kowane tsatso ya mutu a wani wuri dabam da inda aka haife shi.

Abin lura a nan shi ne shugaban da kansa bai san mafi yawan wannan tarihi ba. A taƙaitaccen tarihin rayuwarsa da ya rubuta a 1859, iyakar abin da ya iya kaiwa shi ne Virginia da gundumar Berks, kuma ya ce ƙoƙarin haɗa danginsa da Lincoln na Massachusetts bai haifar da komai ba sai kamannin sunaye. Masu binciken da suka zo daga baya ne suka ɗinke ɓarakar, ta hanyar takardun fili da na wasiyya.

Me ya sa ba sa zama wuri ɗaya?

Fili ne babban dalili. Manomi mai 'ya'ya maza shida ba zai iya raba musu eka 200 kowa ya ci da iyalinsa ba, amma kuɗin da zai sayar da gonar a Pennsylvania yana iya saya masa ninkin-ba-ninkinta a Virginia ko Carolina. Noman taba ma yana gajiyar da ƙasa cikin 'yan shekaru. Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila kuma Virginia da Carolina ta Arewa sun biya tsofaffin sojojinsu da takardun mallakar fili a yamma, wasu suka je suka zauna, wasu suka sayar wa 'yan kasuwa.

Sai dai akwai dalilin da masu bincike suke yawan mantawa da shi, wato rikicin iyaka. A Virginia da Kentucky ana auna fili ne da alamomin da ido ke gani: daga wannan itace zuwa wancan dutse, daga dutsen zuwa mahaɗar rafi. Kowa yana ɗauko safiyonsa, itace yana faɗuwa, rafi yana sauya hanya, har aka wayi gari fili ɗaya yana da masu takarda uku ko huɗu. Thomas Lincoln ya riƙe gonaki uku a Kentucky, kuma duka ukun sai da matsalar takarda ko ta iyaka ta taso a kansu. Ɗansa Abraham ya rubuta daga baya cewa sun bar Kentucky ne saboda bautar da bayi a wani ɓangare, amma babban dalili shi ne wahalar takardun fili. Boone, wanda ya buɗe hanyar da ƙafarsa, shi ma shari'o'i da bashi sun cinye filayensa, ya koma Missouri a 1799 lokacin tana hannun Sifaniya, ya rasu a can a 1820.

Arewacin kogin Ohio tsari dabam ne. Dokar 1785 ta sa gwamnatin tarayya ta auna ƙasa kafin ta sayar, ta yanka ta murabba'i-murabba'i mai mil 6 kowane gefe, kowane murabba'i kashi 36, kowane kashi eka 640. Daga 1820 ana iya sayen eka 80 a kan dala 1.25 kowace eka, kuma dokar 1862 ta ba da eka 160 ga wanda ya zauna ya noma ta shekara biyar. Talakan da shari'a ta taɓa kora daga gonarsa ya san darajar takardar da babu mai ja da ita.

Sunan iyali ya ɓace daga takardun wata gunduma. Wannan yana nufin sun tashi?

Ba dole ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓatar da sababbin masu bincike. Sau da yawa mutanen suna nan a gidansu, gundumar ce aka tsaga. An kafa gundumar Augusta a Virginia a 1738, kotunta ta fara zama a 1745, kuma a takarda iyakarta ta yamma ta kai kogin Mississippi. An cire Botetourt daga cikinta a 1770, an cire Fincastle daga Botetourt a 1772, sannan a 1776 aka rushe Fincastle aka raba ta uku: Montgomery da Washington da Kentucky. Ita ma gundumar Kentucky an raba ta uku a 1780, ta zama jiha a 1792, yau tana da gundumomi 120.

Gonar John Lincoln tana cikin Augusta lokacin da ya saye ta, ta koma Rockingham a 1778. An haifi jikan ɗansa, wato Shugaba Abraham, a gundumar Hardin ta Kentucky, amma wurin yana cikin LaRue tun 1843. Thomas da iyalinsa sun sauka a gundumar Perry a Indiana, wadda ɓangarenta ya zama Spencer a 1818. Takarda tana zama ne a kotun da aka rubuta ta, ba ta bin sabuwar gunduma, don haka wajibi ne a san sunan da wurin yake amsawa a shekarar da abin ya faru. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago ya tsara taswirar sauye-sauyen iyakokin gundumomin ƙasar baki ɗaya, kuma tana intanet kyauta.

Yaya amfanin ƙidayar jama'a yake?

Ana yin ta duk shekara goma tun 1790, amma har zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida alƙaluma ne kawai. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci da shekarunsa da jihar da aka haife shi, kuma daga wannan ake iya karanta tafiyar iyali a shafi ɗaya: uba haifaffen Virginia, manyan 'ya'ya haifaffun Kentucky, ƙanana haifaffun Indiana, sai a kintaci shekarar da aka tashi. Ƙidayar 1880 ta ƙara dangantakar kowa da maigida da kuma mahaifar iyayensa. Mafi yawan takardun 1890 sun lalace sakamakon gobarar da aka yi a Washinton a 1921, na Virginia da Kentucky na 1790 ma sun ɓace. Ana buɗe kowace ƙidaya ga jama'a bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022.

To wace takarda ce ta fi tabbatar da cewa wane ɗan wane ne?

Takardun gado su ne kan gaba, ko da mamacin bai bar wasiyya ba. Idan magada suka sayar da gonar uba, takardar ciniki takan jera sunayensu duka, har da 'ya'ya mata da mazajensu, ta kuma faɗi gundumar da kowane yake zaune a lokacin. Irin wannan takarda guda ɗaya tana iya haɗa mutumin Illinois da uban da ya rasu a Virginia. Shari'ar rabon gado ta fi wannan ma yalwa, domin alƙali ba ya yanke hukunci sai an lissafa duk mai haƙƙi, kuma ɗakin karatu na jihar Virginia ya sa ɗimbin waɗannan shari'o'i a intanet.

Jerin masu biyan haraji shi ma ba abin rainawa ba ne. Virginia tana tsara shi duk shekara tun 1782, saboda haka ana ganin shekarar da saurayi ya fara bayyana a ƙarƙashin ubansa, da shekarar da ya tsaya da kansa, da shekarar da ya daina bayyana. Sai takardun fanshon tsofaffin sojojin yaƙin 'yanci, musamman bayan dokokin 1818 da 1832, inda dattijo yakan tsaya gaban kotu ya faɗi inda aka haife shi da duk wuraren da ya zauna bayan yaƙi, da bakinsa. A ganina babu takardar da ta kai waɗannan kusanci da muryar mutanen kansu.

Me ya sa mata suke da wuyar samu?

Dokar wancan zamani ta sa dukiyar matar aure a hannun mijinta, kuma tana ɗaukar sunan danginsa, don haka sunan mahaifinta yakan shuɗe. Amma tana da haƙƙin sulusin filin miji idan ya rasu, saboda haka in zai sayar da gona sai an kira ta gefe an tambaye ta ko ta yarda, kuma akawu yakan rubuta sunanta. Takardar lamunin aure ma tana taimakawa, domin wanda ya tsaya wa ango sau da yawa uban amarya ne ko ɗan'uwanta ko waliyyinta. Auren Thomas Lincoln da Nancy Hanks darasi ne a nan. An daɗe ana neman takardarsa a gundumar Hardin ba a samu ba, har masu tsegumi suka riƙa cewa ba a ɗaura auren ba. Bayan rasuwar shugaban aka gano ta a kotun gundumar Washington, inda amarya take zaune, tana nuna an ɗaura shi ranar 12 ga Yuni, 1806.

Yaya ake rarrabe mutum biyu masu suna ɗaya?

Da maƙwabta da rafi. Waɗannan mutane ba sa tafiya su kaɗai, ayari suke yi na 'yan'uwa da surukai da 'yan coci ɗaya, kuma a sabon wuri sukan sake zama kusa da juna. Iyalan Lincoln da na Boone maƙwabta ne a Berks har sun yi auratayya. Idan aka ga wani John a Kentucky yana kewaye da sunayen da suka kewaye wani John a Virginia shekara goma baya, kuma su ne shaidu a takardunsa, hujjar ta yi ƙarfi. Laƙabin babba da ƙarami da akawu yake liƙa wa suna ba lallai ya nuna uba da ɗa ba, yana iya zama kawai hanyar bambanta mutum biyu a gunduma ɗaya.

Rubutun suna ma ba shi da tsayayyen tsari, yadda akawu ya ji haka yake rubutawa. Wasu Jamusawa sunansu ya juye gaba ɗaya, Zimmermann ya zama Carpenter, Müller ya zama Miller. A kuma kula da kalanda: kafin 1752 shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris a ƙasashen Ingila, don haka watan farko a tsohon littafin 'yan Kwaka Maris ne.

In kotun gundumar ta ƙone fa?

Hakan ya faru da yawa, tun da ginin katako ne kuma da itace ake ɗumama shi, sannan yaƙin basasa ya ƙara ɓarna. Wasu gundumomin Virginia sun aika littattafansu Richmond don a adana, suka ƙone a gobarar watan Afrilu na 1865. A irin wannan hali sai a koma ga abin da aka ajiye a wani wuri: takardun ba da fili da na haraji a babban birnin jiha, fayil ɗin soja a ma'adanar tarayya, littattafan coci, rubutun duwatsun kaburbura, shafin haihuwa da mutuwa da iyalai suke cikewa a Baibul ɗin gida, da kuma kotunan gundumomin maƙwabta.

Ina bayin da aka yi wannan ƙaura da su?

Suna cikin mazaunan farko, su ma sun sare daji sun gina gidaje, ko da yake ba da son ransu suka je ba. Ƙidayar 1800 ta sami bayi kimanin 40,000 a Kentucky. Bin salsalarsu ya fi kowanne wuya kuma ya fi ɗaci, domin ƙidayar 1850 da ta 1860 sun lissafa su da shekaru da jinsi a ƙarƙashin sunan ubangidansu, ba tare da sunayensu ba, sai a 1870 aka rubuta su kamar kowa. Kafin wannan shekara dole mai bincike ya gano iyalin da ya mallake su, sannan ya bi wasiyyoyi da jerin kayan gado, inda sunan mace da 'ya'yanta yakan fito tare da farashi, a shafi ɗaya da dabbobi da kayan ɗaki. Rabon gado shi ne lokacin da ake raba uwa da ɗa, wani ya tafi Missouri wani ya tafi Mississippi. Takardun hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, da rajistar bankin ajiyar da aka buɗe musu a 1865, sukan ambaci iyaye da 'yan'uwa da wurin haihuwa.

Shin daidai ne a kira su mazaunan farko?

Na farko ne a littafin kotu kawai. Kentucky wurin zama da farauta ne na ƙabilun 'yan asalin ƙasar, Shawnee da Cherokee da wasunsu, kuma hanyoyin da baƙi suka bi tsofaffin turbobinsu ne. Sarkin Ingila ya haramta zama a yammacin duwatsun Appalachia a 1763, amma ba a saurare shi ba. Kowace sabuwar gunduma ta biyo bayan yaƙi ne ko yarjejeniya: ta Greenville a 1795 ta buɗe mafi yawan Ohio, dokar korar 'yan asalin ƙasar ta 1830 ta kai ga tasa ƙeyar Cherokee zuwa yamma a 1838, bayan Georgia ta riga ta raba ƙasarsu ta hanyar ƙuri'a a 1832. Wanda ya san shekarar yarjejeniya ya san shekarar da zai fara neman kakanninsa a yankin, kuma ya san daga hannun wa filin ya fito.

Za a iya dogara da labarin baka, da jerin salsalar da ke intanet, da gwajin ƙwayoyin halitta?

Labarin baka yakan riƙe hanyar da aka bi daidai, amma ya haɗe kaka da jika masu suna ɗaya, ko ya liƙa iyali ga wani shahararre. Labarin 'yan'uwa uku da suka sauko daga jirgi ɗaya, da na kaka 'yar sarkin Cherokee, ana jin su a gidaje da yawa, kuma kaɗan ne takarda take gaskatawa. Ya kamata a rubuta shi yadda aka ji, da sunan wanda ya faɗa, sannan a gwada shi da takardun kotu.

Shafukan FamilySearch da Ancestry suna ɗauke da hotunan takardun asali masu ɗimbin yawa, kuma wannan ne amfaninsu. Jerin salsalar da mutane suke ɗorawa kuwa wani daga wani yake kwafa, har a ga mace ta haihu tana da shekara 6 a jeri hamsin. Gwajin da ke bin layin maza yana iya nuna ko iyalai biyu masu suna ɗaya kakansu ɗaya ne, amma ba zai faɗi sunan kakan ba. Gwajin da ya fi yaɗuwa yana da ƙarfi har tsatso biyar ko shida, daga nan sai ya raunana, kuma a ƙauyukan da aka daɗe ana auren zumunci yakan nuna kusancin da ya wuce na gaskiya, domin mutum biyu suna iya haɗuwa ta kakanni uku ko huɗu a lokaci guda.